Ga Matasanmu Masu Neman Aikin Jinya: Hanta da Zazzaɓin Cizon Sauro

'Yan'uwa matasa, kada ɗokin riƙe allura ya sa mu raina darasin sassan jiki. Bari mu dubi zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar da macen sauro ke zubawa ba ta daɗewa cikin jini. Hanta take nufa, ta yi kamar kwana 7 tana hayayyafa, mutum kuwa yana jin kansa garau. Daga nan sai ta auka wa jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, rawar ɗari da zafin jiki su biyo baya. Dalili ke nan ake koya mana duba cikin fatar idon yaro da tafin hannunsa. In sun yi fari fat, jininsa ya ragu ƙwarai. A garzaya da shi asibitin da ake ƙarin jini.