Da Wane Harshe Ake Yabon Allah?

Ya mai karatu, watakila wani ya taɓa ce maka a kasuwa ko a bakin rijiya, "Ai ku addinin Nasara kuke bi." Maganar nan tana da zafi, balle idan ta fito daga bakin ɗan'uwanka na jini. Me ka amsa masa? 'Ya'yanka ma za su ji ta a makaranta, ya kamata su san amsa.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 2. Ranar Fentikos mutane sun cika Urushalima daga ƙasashe dabam dabam. Luka ya lissafta su: akwai mutanen Masar, da na Libiya wajen Kurane, da Larabawa, da mutanen gabas masu yawa. Daga ƙasar Turai kuwa, Roma da tsibirin Karita kaɗai ya ambata. Da Ruhu Mai Tsarki ya sauko, kowa ya ji ana yabon Allah da harshen da ya sha a nono. Ka lura da wannan da kyau. Allah yana da iko ya sa dukansu su gane harshe ɗaya, amma bai yi haka ba. Shi ne ya bi kowa har cikin harshensa. A ran nan aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma.

A sura 8 za ka ga ma'ajin sarauniyar Habasha yana karanta littafin annabi Ishaya a cikin karusarsa. Filibus ya bayyana masa, ya gaskata, ya koma ƙasarsa da murna. Wajen shekara 330 sarki Ezana na Aksum, a ƙasar Habasha, ya zama mai bi. Lokacin nan kakannin Ingilishi suna bautar gumaka tukuna, sai a 597 aka aika musu da mai wa'azi daga Roma. To, addinin wa ke nan?

Ko Littafin da ke hannunka ma akwai hannun ɗan ƙasarmu a ciki. Wani yaro mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami. Bayan an 'yanta shi, Bature matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Can ya zauna da wani fasto mai suna Schön, yana koya masa Hausa, har aka buga Bisharar Matiyu da harshenmu a 1857. Dukan Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Yau akwai shi cikakke cikin harsuna fiye da 700, har da Zabarmanci da Fillanci.

Wannan amsa ce mai daɗi. Amma ɗan'uwa, wuƙar tana da baki biyu, gama idan Allah yana karɓar yabo da Hausa, yana karɓarsa da harshen maƙwabcinka kuma.

Ran Lahadi, ga Bafilatani ya shigo majami'a da sandarsa, yana warin shanu. Wa zai matsa masa a kan tabarma? Watakila bara shanun danginsa ne suka bar burtali suka shiga gonarka hatsi yana cikin bunni. Zuciya ba ta manta irin wannan da sauri, kuma gaskiya ne a yi maganar ɓarna a biya. Amma mutumin nan ya bar abu mai yawa domin sunan Yesu, watakila har rugarsu ta kore shi. Idan ya tarar mu ma muna kallonsa da gefen ido, ina zai nufa? Haka nan Buzu, da Bazabarme, da baƙon da ya zo aiki Maradi daga Benin ko Togo yana waƙa da Faransanci. Har a cikinmu Hausawa, akwai gidan da ake raɗa cewa asalinsu bayi ne, ana zama benci ɗaya da su amma ba a ba su aure.

Kada ka ce kai ka fi ƙarfin wannan jarraba. Bitrus kansa ya faɗa cikinta. Shi ne ya yi wa'azi ranar Fentikos, shi ne ya shiga gidan Karniliyas Baroma. Duk da haka a Antakiya, da wasu Yahudawa suka zo daga Urushalima, sai ya janye hannunsa daga akushin masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron bakin mutane. Har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus bai kai shi gefe ba, a gaban jama'a ya tsawata masa, gama abin ya taɓa gindin bishara. Labarin yana cikin Galatiyawa sura 2. Idan jinin Yesu ne kaɗai ya tsarkake mu, da me Bahaushe zai yi wa Bafilatani fahariya?

A Wahayin Yahaya sura 7 an nuna wa Yahaya taron da ba ya ƙidayuwa a gaban kursiyin Allah, cikin fararen riguna. Abin lura shi ne, har a can yana iya gane cewa kabilunsu da harsunansu dabam dabam ne. Ba a narkar da su sun zama iri ɗaya ba, kuma ba a ware wa kowace kabila nata gefen ba.

Daren nan bayan tuwo, ka tara iyalinka ku karanta Zabura 117. Aya biyu ce kawai, yaro ma zai haddace ta, tana kiran dukan al'ummai su yabi Ubangiji. Ka tambayi yaran su faɗi kabilun da suke gani ran kasuwa, ku yi addu'a domin kowace ɗaya da sunanta. Idan akwai mai wani harshe a ikkilisiyarku, ka yi magana da dattawa a ba shi dama ya yi addu'a ko ya rera waƙa da harshensa, ko da ba mai ganewa sai shi da matarsa, ku kuwa ku amsa da Amin. In an tashi, kada ka bar shi ya kama hanya da yunwa. Ka kai shi gida, uwargida ta dama fura, ku sha a ƙwarya ɗaya.