Yadda Ake Sama wa Bayanau Mazauni a Jimlar Turanci

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC a Gumel zai rubuta "Always he goes to Maigatari", ya rantse maka daidai ne. Hausa ce ta ja masa gora, don mu cewa muke yi "kullum sai ya je Maigatari". Turanci kuwa ba ya barin always a bakin ƙofa, sai dai in umarni ake bayarwa.

Fara da lalubo aikatau. In bayanau ɗin na yawan aukuwar abu ne, irin su always, often da never, ajiye shi dab da aikatau kafin ka kai gare shi: "He always goes to Maigatari." In aikatau ɗin is, are ko was ne, sai bayanau ya koma bayansa: "The market is always full." In kuma akwai mai tallafi kamar has, will ko can, cusa bayanau tsakaninsa da aikatau: "She has never seen a camel." Never ɗin nan ita ce "bai taɓa ba" tamu, kuma ta ɗauke korewa ita kaɗai, kada ka ƙara mata not.

Sannan duba karɓau. Shi da aikatau ɗan juma ne da ɗan jummai, ba a shiga tsakaninsu. "He counted carefully the money" ta karye. "He counted the money carefully" ake cewa. Nan kam Hausa ta yi mana rana, don "ya ƙirga kuɗin a tsanake" muke faɗa.

Idan bayanau iri-iri sun taru a ƙarshen jimla, yadda aka yi ne kan gaba, sai wuri, sai lokaci: "They sold the rams quickly at Maigatari last Thursday." Na lokaci yana iya dawowa farko in shi kake son a ji.

Wadda ta fi ba ni wahala a aji ita ce only. Mu "kaɗai" da "kawai" bayan kalma suke zuwa, ita kuwa gaba take shiga. Nakan rubuta "Only Audu bought a ram" a allo, in rubuta "Audu bought only a ram" a ƙarƙashinta, in ce a fassara. Ta farko, Audu kaɗai ya sayi rago, sauran sun koma hannu rabbana. Ta biyu, rago kawai ya saya, bai ko taya saniya ba.