Gajeren alƙalami da fensirinsa a zafin Khartoum

Wani mai karatu daga Soba, kudu da Khartoum, ya ce ya gaji ɗan gajeren alƙalami mai shan tawada da fensirinsa a akwati guda, amma ƙarfen gefen da ake ɗagawa don ya zuƙi tawada ya ƙi motsi. Ko ya sa masa ƙarfi?

Malam, kul. Yawancin gajerun alƙaluman shekarun 1920, irin su Waterman 52½V da Lady Duofold na Parker mai zobe a ka, 'yar jakar roba ce ke riƙe musu tawada. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Mayu, robar nan ta daɗe da bushewa kamar ƙanzo. Ka matsa, ƙarfen ya karye ko jikin ya tsage, alhali mai gyara zai sauya jakar da kuɗi kaɗan.

Abin da na fi jin tsoro shi ne tawada. Sudan ce kan gaba a duniya wajen ƙaro, kuma da shi ake haɗa tawadar allo, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa gare ta. Ta dace da alƙalamin kara, amma a nan ƙaron kan daskare a siririyar hanyar da ke kai tawada baki, ya toshe ta. Ka nemi Parker Quink ko Pelikan 4001. In jikin baƙar roba ce mai tauri, kada ka jiƙa shi, kada ka bar shi a rana, domin baƙin kan koɗe ya koma ruwan ƙasa. Bakin kaɗai za ka ɗauraye da ruwan sanyi.

Fensirin kuwa, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, abin cikinsa ne aka saka masa ba daidai ba. Na farko-farko milimita 1.1 suke ci, na baya 0.9. Abin ciki na yau mai 0.5 zubewa zai yi.

Mai niyyar saye, a kasuwar Omdurman ko wani wuri, ya jera su biyun ya duba launi da maƙalin aljihu da tambarin kamfani. Zama a akwati ɗaya bai sa sun zama 'yan gida ɗaya ba, kuma farashin na haɗe-haɗe bai kai na asali ba. Wajen ajiya, a juye tawadar tukuna, a sa su a aljihun tebur a ɗakin da ya fi sanyi.