Kafin ka dangwala yatsa a kan gonarka ta fadama

Ni malamin gona ne, kuma mafi yawan aikina a bakin gulbi na yi shi, tsakanin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Akwai ranar da muka je wani ƙauye a gefen Gulbin Gagare da taswira a hannu, muna bayanin cewa in an bar wani yanki na fadama ruwa ya riƙa kwanciya a kai, ambaliya za ta ragu. Jama'a suka saurara har na gama. Sai wani dattijo ya gyara zama ya ce: "Ɗana, haka anka ce ma mutanen Bakolori." Ba wanda ya ƙara ko kalma. Taron ya watse.

Dattijon bai yi ƙarya ba. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Waɗanda ke ƙasan madatsar su ma ba su tsira ba, domin ruwan da ke malalowa fadamunsu kowace damina ya ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Duk jami'in da zai zo arewacin Zamfara da maganar karɓar gona saboda ruwa, ya san cewa wannan tarihin ya riga shi isa ƙofar maigari.

Duk da haka ina da abin da nake so 'yan'uwana manoma su ji. Fadama rumbun ruwa ce. Idan Gulbin Gagare ko na Bunsuru ya cika ya bazu a kanta, ƙarfinsa yana karyewa, ya ajiye laka mai taki, sauran kuma ya nutse ƙasa. Wannan ruwan da ya nutse shi injin ban-ruwa ke janyowa da rani a shayar da albasa da tattasai. Idan muka nome har bakin gaɓa, muka sare itatuwan da ke riƙe ta, ruwan zai wuce da gudu, ya zaftare gonar da muke ƙoƙarin faɗaɗawa, ya afka wa na ƙasa da mu ta wajen Shinkafi da Isa. Na ga gonar da gulbi ya gutsure rabinta a damina guda.

Matsalar ita ce wa zai ɗauki asarar. A shekarun nan 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu na daji, fadamar da ke kusa da gari ita ce ta rage musu. Wanda ka ce ya bar ta, abincin gidansa ka taɓa.

Ga kuma doka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Amma ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, irin su ACReSAL da aka amince da shi a 2021 kan dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, suna da ƙa'ida mai tsauri: a biya abin da zai isa a maye gurbin abin da aka rasa, a biya kafin a karɓi filin, a kuma samar da wurin kai ƙorafi. Manoma da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba.

Saboda haka kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. A auna gonar kana tsaye, a ba ka kwafi. Ka tambaya ko karɓewa za a yi gaba ɗaya, ko kuwa za ka ci gaba da noman rani bayan ruwa ya janye, domin sau da yawa abin da aikin ke buƙata bai wuce zirin gaɓa ba. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda sunansu ba ya shiga jerin masu karɓar diyya: mai noman aro, mai haya, mai riƙe da jingina, da mata masu kaso a gonar gadon da ba a raba ba. Makiyayi ma a tabbatar an bar masa burtali da mashaya, in ba haka ba an shuka wata rigimar.

Mun koma ƙauyen nan bayan wata biyu, ba taswira a hannunmu. Dattijon da kansa ya shige gaba, ya nuna mana inda ruwa ke kaiwa a shekarar cika da inda bai taɓa hawa ba. Layin da muka zana a ofis ya haɗa har da tudun da ruwa bai taɓa kwanciya a kai ba, sai da muka goge shi muka bi nasa.