Kalmar "Bank" da Ma'anoninta

Yara, ku dubi kalmar nan tamu ta Hausa, baki. Akwai bakin mutum, akwai bakin wuƙa, akwai kuma bakin kogi. Kalma ɗaya ce, amma sai an ji abin da ke biye da ita kana a gane manufar mai magana. Turanci ma haka yake. Yau za mu duba kalmar "bank".

Ma'anarta ta fari ita ce ma'ajiyar kuɗi. Daga nan muka aro kalmar banki. Manomin da ya sayar da gyaɗa ko auduga, in ya binne kuɗinsa cikin tukunya, gara na iya ci, ɓarawo na iya tonowa. In ya kai banki kuwa, hankalinsa ya kwanta. Da Turanci akan ce, "My father put his money in the bank," watau mahaifina ya ajiye kuɗinsa a banki.

Wannan ma'ana daga Italiya ta samo asali. A zamanin da, masu canjin kuɗi na ƙasar sukan baza kuɗinsu bisa wani benci, wanda suke kira "banca". Sannu a hankali sunan bencin ya koma sunan gidan kuɗin. An kafa Bankin Ingila a birnin Landan a shekarar 1694, Babban Bankin Nijeriya kuwa ya fara aiki a 1959.

Ma'ana ta biyu ita ce gaɓar kogi. Misali, "Lokoja is on the bank of the River Niger," watau Lakwaja tana bakin kogin Kwara. Da yake kowane kogi gaɓa biyu gare shi, akan ƙara harafin "s" a ce "banks" in ana nufin dukansu.

Ma'ana ta uku reshe ce ta farkon. A asibiti akwai wurin da ake adana jini domin marasa lafiya, sunansa "blood bank".

To, yaya za ku bambanta su? Ku lura da kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. In kun ga zancen kuɗi ko rance, banki ake nufi. In kun ga kogi, ko kifi, ko kwalekwale, gaɓa ce. Yaron da aka ba shi "The fisherman sat on the bank" a jarrabawa, ya rubuta cewa masunci ya zauna bisa banki, ya yi asarar maki saboda gaggawa. Ku karanta jimla har ƙarshenta kafin ku fassara. In abin ya shige muku duhu, ku duba ƙamus ko ku tambayi malam, gama matambayi ba ya ɓata.

Aiki
1. Rubuta ma'anoni uku na kalmar "bank".
2. Fassara: "The women are washing clothes on the bank."
3. Kawo wata kalmar Hausa mai ma'ana fiye da ɗaya, ka sa ta cikin jimla biyu.