Hasken da ido ke gani ba tare da fitila ba

Kowa ya taɓa murza idonsa cikin duhu ya ga ƴan taurari ko zobba masu launi suna yawo. Babu farin wata, babu fitila. To, daga ina hasken nan yake fitowa?

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani. Shi ne ke karɓar haske. Daga jikinsa wata jijiya ta tashi zuwa ƙwaƙwalwa, tana ɗauke da zaruruwa wajen miliyan 1. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani kuwa yana wajen ƙeya. Jijiyar nan labari ɗaya ta iya kaiwa, shi ne labarin haske. Ko hasken rana ne ya sauka a kan tantanin, ko yatsa ne ya danne shi, ƙwaƙwalwa haske za ta ɗauka. Wanda aka buga a ƙeya ma yakan ga walƙiya, domin sashen gani ne ya girgiza.

Masana sun gwada wannan. A shekara ta 1968, a ƙasar Ingila, an sa ƴan wayoyin lantarki a kan sashen gani na ƙwaƙwalwar wata makauniya. Da aka kunna, sai ta ga ɗige-ɗigen haske, alhali idanunta ba sa aiki. A 1996 kuma, a Amurka, an auna ƙwaƙwalwar makafi masu karatu da yatsa. Sai aka tarar sashen ganinsu yana aiki sa'ad da suke shafa haruffa. Ashe ido ƙofa ce kawai, mai gidan yana ciki.

Zafi ma yana taɓa gani. Mu mutanen Tagriss mun san bazara. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Mutum yana duƙe yana sharar gona, ko yana ban ruwan dabbobi a bakin rijiya, ya miƙe da sauri, sai duhu ya rufe masa ido, taurari su watsu. Dalili shi ne, zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, gumi kuma yana rage ruwan jiki. Da ya miƙe, jini ya gangara ƙafafu, ido da ƙwaƙwalwa suka rasa rabonsu na ɗan lokaci. Wasu sukan ce iska ce ta shafe shi. A ganina, kafin a nemi hayaƙi, a fara neman inuwa da ruwa. Ya zauna ko ya kwanta, a ɗaga ƙafafunsa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. A bakin rijiya sai a ninka hankali, domin jiri a can bai da kyau. Idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai, yana magana ba kan gado, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a kai shi gidan likita nan take. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Hasken murza ido yana ɓacewa da an cire hannu. Amma akwai hasken da ba a yi masa sakaci. Idan mutum ya soma ganin walƙiya a gefen ido ɗaya, ba tare da ya taɓa shi ba, ga baƙaƙen ɗige kamar ƙudaje, ko wani duhu kamar an ja labule, to mai yiwuwa tantanin nan ne ke ɓallewa. Ba ya zafi, shi ya sa mutane ke zama a gida har gani ya tafi. A je gidan likita ba tare da jinkiri ba, ko da za a tura mutum Dakoro ko Maraɗi.

Mai ciki kuma, musamman wadda ta wuce wata 5, idan tana ganin taurari ko dishi-dishi, ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska da hannuwa, alamar hawan jini ce. Jijjiga na iya biyo baya, ta halaka uwa da ɗa. Maigida, kada ka bari a kwana. Nemi amalanke ko babur, a kai ta a auna jininta a ranar.

Yara suna son danna idanunsu don su ga launuka. A hana su da lallashi. Hannu mai dauɗa, da ƙyalle, da ƙuda, su ne ke yaɗa ciwon amodari, wanda ya makantar da mutane da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Idan ƙura ta shiga ido, a wanke shi da ruwa mai tsabta, kada a murza.