Yadda Ɗalibin Gaya Zai Koyi Adon Magana A Ingilishi

Ɗalibin Gaya yana tashi da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa a gida, ya yi karatu da Faransanci, sai ya shiga kwaleji ya gamu da Ingilishi. Da yawa sun iya nahawu, amma da marubuci ya karkata magana sai su tsaya cak. Maganin wannan yana cikin bakinka tun kana yaro, domin duk mai jin kirari da karin magana ya riga ya san adon harshe. Ga matakan da za ka bi.

1. Fara da abin da ka sani. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya fayyace irin wannan ado a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa da sauransu. Buɗe littafin rubutu, ka ja layi uku: Hausa, Faransanci, Ingilishi.

2. Kama simile, wato kamantawa, wadda malamin Faransanci ke kira comparaison. Alamarta like ko as, inda mu muke cewa "kamar". Ka lura, Bahaushe yakan ce fari kamar auduga, Bature kuwa as white as snow. Kowa da abin da idonsa ya saba gani.

3. Wuce ga metaphor, siffantawa. A nan an cire "kamar" ɗin, abu ya zama ɗan'uwansa kai tsaye. Idan maroƙi ya ce wane zaki ne, ita ya yi. Gwada da kasuwar Malanbil: The market is a beehive.

4. Sai personification, mutuntarwa, a ba abin da ba mutum ba halin mutum. Duba kogin Kwara da damina ka rubuta: The river is angry this year.

5. Hyperbole ita ce kambamawa. Uwa takan ce "na faɗa maka sau dubu", Bature ma haka yake cewa: I have told you a thousand times.

6. Idiom shi ne mai wuya, a nan za ka fi daɗewa. Ma'anarsa ba ta cikin kalmominsa. Idan aka ce a piece of cake, ba maganar ci ake ba, ana nufin abu mai sauƙi. Haka mu ma baƙo ba zai gane "ya ci amana" ko "yana da dogon hannu" daga kalmomin ba. Haddace kowane idiom ɗungurungum, tare da jimlar da ka tsince shi a ciki.

7. Farauto su a rubutu. Littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, na 1958, cike yake da kamantawa da karin magana. Karanta shafi ɗaya a rana, ka ja layi ƙarƙashin kowane ado, ka faɗi sunansa da abin da ake nufi.

8. Fitar da su daga takarda. Kamba na nan kusa a Jihar Kebbi, masu jin Ingilishi ba sa yankewa a tasha da kasuwa. Saurara, ka yi magana, amma ka rarrabe Fijin na kan hanya da Ingilishin da ake so a jarrabawar BEPC da BAC.

Ka ba kowane iri aƙalla mako guda, kada ka haɗa su rana ɗaya. Kowane dare ka ƙirƙiri jimla uku naka na kanka, da safe ka kai wa malaminka ya gyara.